Babana ya faɗi yana da shekara 57, ni kuma ga ni a 54

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekarata 54, saura shekara shida in yi ritaya. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki yana da 57, ya yi shekara biyu a kwance, sai an juya shi an tayar, sannan Allah Ya yi masa rasuwa. Ni na yi yawancin jinyarsa. Watanni biyar da suka wuce an zo gwajin lafiya kyauta a unguwarmu, aka auna jinina aka ce 164 a kan 100, wato hawan jini ne. Na je asibiti, likita ya sake aunawa ya rubuta mini magani. Na sha wata guda na daina, saboda ba abin da yake mini ciwo, kuma mutane suna cewa wanda ya fara ba ya rabuwa da shi, wai yana kashe ƙarfin namiji. Wani abokina yana sayar da wani kafso na waje, naira dubu 45 kwalba, ya ce yana sabunta ƙwayoyin jiki yana hana tsufa, na sayi biyu. A gida kuma na ce wa maiɗakina girkinta ne zai kashe ni da gishiri da mai. Tun ranar take yi mini tukunya daban, salam ba ɗanɗano, ta ajiye ta koma ɗaki, bayan shekara 26 muna ci tare. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, kwana in ya ƙare ya ƙare. Mahaifiyarmu tana nan da ƙarfinta, ta kusa 80. Autata shekararta bakwai. Da dare sai in kasa barci ina lissafi. Me zan yi in tsufa da ƙafafuna, in ga auren yarinyar nan?

Wani magidanci, daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa jinyar da ka yi masa ta zama sanadin shigarka aljanna. Wanda ya yi shekara biyu yana juya mahaifinsa a kan katifa, yana ba shi koko da cokali, yana ganin mutumin da ya saba jin muryarsa ta cika zaure ya koma magana da ido, ba za a ce masa ya cika tsoro ba. Ka ga abin da idonka. Lissafin da kake yi da dare lissafin uba ne mai ƙaramar yarinya, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne inda tsoron ya kai ka. Ya sa ka ajiye abin da aka tabbatar yana kare mutum daga irin ciwon mahaifinka, ka zuba naira dubu 90 a kan abin da ba wanda ya tabbatar da shi, sannan ka ɓata da mutumin da ya fi kowa iya taimakonka a cikin gidan nan. Duka ukun ana iya gyara su, kuma na farkon ba ya jira.

Ka koma asibiti cikin makon nan. Ba wata mai zuwa ba, ba sai an yi albashi ba. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana yawo da 170 yana raha a majalisa, ba ciwon kai ba jiri, alhali ƙarfin bugun jinin yana cin bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido a hankali, kamar yadda ruwan indararo yake cin gindin katangar ƙasa. Shekara da shekaru ba a ganin komai, ranar da katangar za ta zube kuma sai a ce farat ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manya masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Kai ka sani, wannan kuwa rahama ce da mai yiwuwa mahaifinka bai samu ba. A nan yankinmu ma an bincika lamarin. Akwai wani babban nazari a kan shanyewar ɓarin jiki da ake kira SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna hawan jini ya yi wa duk sauran dalilai fintinƙau wajen jawo wannan ciwo a tsakanin mutanenmu. Wani nazarin da aka buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 100, ya gano cewa duk maki 10 da aka rage a lambar sama ta awon jini, wato ta farko, haɗarin shanyewar jiki yana raguwa da kimanin kashi 27 cikin 100. Kai da kake 164, ka duba yawan abin da ke hannunka.

Maganar cewa wanda ya fara shan maganin ba ya rabuwa da shi, akwai gaskiya a ciki, amma an juya ta. Ba maganin ne yake kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya. Mai sa tabarau ba tabarau ne ya lalata masa ido ba. Ina da goggo da ta rene ni, ta sha nata maganin shekara uku lafiya lau, ranar da ta ji garau sai ta ce ta warke, ta tura sauran ƙwayoyin cikin kwalla ta rufe. Wata huɗu bayan nan aka same ta da asuba a kan dardumar salla, baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Ta rayu, amma har ta koma ga Allah ba ta sake ɗaura wa kanta ɗankwali ba. Duk sanda wani ya ce mini ya daina magani don ba abin da ke masa ciwo, wannan kwallar nake tunawa.

Batun ƙarfin namiji kuwa, na ji daɗi da ka faɗe shi, don maza da yawa shi ne ainihin dalilinsu amma kunya ta hana su furtawa a gaban likita. Gaskiya ne wasu daga cikin tsofaffin magungunan hawan jini suna iya taɓa wasu mazan ta wannan fanni. Amma hawan jinin da aka bari ba magani shi ma yana lalata ƙananan jijiyoyin da wannan aiki ya dogara a kansu, kuma tasa ɓarnar ba ta gyaruwa da sauƙi. Magungunan iri-iri ne. Ka faɗa wa likita abin da kake tsoro ƙarara, in wanda ya ba ka bai karɓe ka ba ya canza maka. Akwai gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka shida, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka buga a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke ɗauke da wata ƙwaya mai suna amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata. Ban faɗa don ka je kemis ka saya da kanka ba, na faɗa ne don ka san an yi aikin a kan jiki irin naka. In ka je, ka nemi a duba maka suga, da ƙoda, da kitsen jini, da fitsari. Ka kuma tafi da kwalbar kafson nan ya gani. Kafin azumi ya zo ka tambaye shi yadda za ka mayar da shan maganin zuwa sahur ko buɗe-baki. Sannan ka yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda.

Da kuɗin rabin kwalba ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka za ka iya sayen na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse. Ka samu ƙaramin littafi ka ajiye kusa da ita. Da safe kafin ka sha magani, ka yi fitsari, ka zauna a kujera mai majingina, ƙafa biyu a ƙasa, ka yi shiru minti biyar, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha shayi rabin awa kafin nan. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, ka rubuta. Da yamma ka maimaita. Ka yi haka kwana bakwai kafin ranar ganin likita, daga baya sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, kada ta zama maka wani sabon abin fargaba. Abin da ake nema shi ne ka sauko ƙasa da 140 a kan 90, likita ma zai iya sa maka ƙasa da haka. Ina ganin wannan littafin zai taimaki barcinka. Yanzu kana tsoron abin da ba ka gani, in ka fara ganin lambar tana sauka mako bayan mako, zuciya za ta samu abin riƙewa.

Yanzu ga abin da na san yana ci maka rai, wato ko gado ne. Hawan jini yana bin jini, wannan ba a musu. Amma tsawon rai gaba ɗaya ba a rubuce yake a jikin mahaifi ba. A ƙasar Denmak an bi tarihin dubban tagwaye da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, aka kwatanta waɗanda suke kama ɗaya sak da waɗanda ba su ba, sai aka ga gado bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon kwana tsakanin mutane ba. Saura duk yanayin rayuwa ne da abin da mutum ya ci karo da shi. Kuma kai ɗan mutum biyu ne. Kullum kana kallon kabarin mahaifinka, ka manta da Hajiya da ke zaune a gida ta kusa 80 da ƙarfinta. Jininta ma yana jikinka. Ka je ka zauna da ita wata yamma ka lura da yadda take wuni: sau nawa take tashi ta zauna, me take ci, mutum nawa ke shigowa gaishe ta. Zan yi mamaki in ba ka tarar da yawancin abin da masu bincike ke faɗa a tsakar gidanta ba.

Game da abokinka, ban ce mayaudari ba ne. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a su ma an sayar musu da labarin ne, sun yarda, ga kuma neman abin kai wa bakin salati. Amma ka riƙe wannan: har yau babu wani kafso ko gari ko ruwa da aka gwada a kan mutane aka tabbatar yana hana tsufa ko ƙara shekaru. Masana suna aiki a kai da gaske. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna rabuwa ne sau kimanin 50 sannan su tsaya, a 2009 kuma aka ba mutum uku kyautar Nobel saboda gano yadda ƙarshen zaren halitta yake kare kansa, wanda yake gajarcewa da shekaru. An tsawaita ran tsutsa da ɓera a ɗakin gwaji. Daga ɓera zuwa magidanci mai shekara 54 kuwa tafiya ce mai nisa, kuma masu talla suna ɗaukar kalmomin masana ne su liƙa a kwalba. Duk wata ƙwayar halitta da aka ce an sa a kafso, in ta shiga ciki narkewa za ta yi kamar loma. Wani lokacin ma abin da ake zaton gyara ne sai ya zo da ɓarna. A Finlan an ba dubban maza masu shan taba sinadarin beta-carotene da fatan ya kare su daga kansar huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga ciwon ya ƙaru a cikin waɗanda suka sha. A Amurka an gwada bitamin E a kan maza fiye da dubu 30, a 2011 aka ba da rahoton kansar furostet, wata gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara, ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 a masu shansa. Ba sai ka yi faɗa da abokinka ba. Ka ce masa likita ya ɗora ka a kan magani kuma ya hana ka haɗawa da wani abu, ka gode. In abota ce ta gaskiya ba za ta mutu a kan kwalba ba.

Sai maganar uwargida, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ina ganin a nan gyaran ya fi yawa. Malam, ka yi mata laifi. Mace ta yi shekara 26 tana tsaye a gaban murhu, hayaƙi a ido, tana auna abin da ka fi so, rana ɗaya ka ce girkinta zai kashe ka. Kai tsoro ne ya yi magana da bakinka, ita kuwa abin da ta ji shi ne duk hidimar nan guba ce. Tukunyar salam da take ajiye maka amsa ce, kuma ka fahimce ta. Wataƙila ma ita ma tsoron take ji, ta ga jinyar surukinta, ta san abin da zai faɗo mata in ka kwanta. Ka same ta a ɗaki lokacin da yara suka yi barci, ka ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, har da rashin barcin da lissafin shekarun auta. Maza da yawa suna ganin faɗin irin wannan ragwanci ne, ni kuwa na ga gidaje da dama da kalma ɗaya irin wannan ta gyara. Sannan ka roƙe ta ku je asibitin tare, ita ma a auna ta. Shekarunta sun kai na awo, kuma in ta ji bayanin daga bakin likita, zai zama aikinku ku biyu maimakon hukuncin da ka yanke mata.

Tukunya biyu ba za ta ɗore ba, kuma ba a buƙatarta. Abin da ya dace da kai shi ya dace da kowa a gidan, har da auta, don harshen yaro da abin da ya saba yake girma. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar yara da yajin tsire da kilishi. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce, sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu yana cikinta. In uwargida ta saba jefa dunƙule shida a tukunya, kada a ce ta daina gobe. Ta koma biyar na mako biyu, sannan huɗu, sannan uku, ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan busasshen kifi su cike gurbin. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har wata rana ku ci abincin biki ku ji gishirin ya yi muku yawa. A ɗauke gishiri da dunƙule daga kan tabarmar cin abinci, kada a barbaɗa bayan an sauke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an ba mutum kusan dubu 21 gishirin da aka rage wa sodiyam aka ƙara masa fotasiyam, bayan kimanin shekara biyar aka ga shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Irin wannan gishirin bai dace da mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini ba, don haka sai da izinin likita.

Ba sai ka nemi abincin Turawa ba. Nazarin SIREN ɗin nan ya gano masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki, mu kuwa ga zogale ga rama ga alayyafo ga yakuwa ga kuka a bakin ƙofa. Kwaɗon zogale da ƙuli, fate da ganye, wake, tuwon dawa ko na gero ko acha a maimakon farar shinkafa kullum, fura da nono ba tulin suga, gwaiba da kankana da lemo a lokacinsu. Abin da za ka rage shi ne lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga, soye-soye, da tsiren dare mai kitse da aka mayar al'ada. Zoɓo marar suga yana ɗan sauke jini, an gwada an gani, amma ɗan taimako ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. In akwai tumbi, rage kilo huɗu ko biyar ma yana nunawa a na'ura. A wani gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga suka rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu suka riƙa tafiya, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, raguwar da ta fi wadda aka gani a waɗanda aka ba magani.

Tafiyar nan ita ce abu na gaba. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba yana zaune wuni guda, kwandasta yana hawa da sauka a matattakala, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Aikin ofis kujerar direba ce. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga. Minti 30 ke nan sau biyar. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi ya fi, ko ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa don la'asar da isha. Ka fara da minti goma in ka daɗe ba ka yi ba, kuma ka bari likita ya fara sauko da jinin kafin ka shiga abu mai nauyi. Tun da tsufa da ƙafafunka ka ce kana so, kada ka manta da ƙarfin tsoka, don tana zaizayewa da shekaru in ba a aiki da ita, kuma ita ke raba tsohon da ke tashi da kansa daga tabarma da wanda sai an miƙa masa hannu. Sau biyu a mako ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ka huta ka sake. Ka dafa bango ka tura jikinka. Ka ɗauki jarkar ruwa ka zaga tsakar gida. Auta za ta so ta riƙa ƙirga maka.

Ba ka ce kana shan taba ba. In kana sha, ajiye ta ya fi duk abin da na lissafa bayan maganin. Binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya ya nuna masu shan taba suna rasa kimanin shekara 10, wanda ya daina yana da 50 kuma yana ceto kusan shida daga ciki. Barci kuma ka nemi awa bakwai. In uwargida ta ce kana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ka faɗa wa likita, yana da alaƙa da hawan jini.

Yayanka ya yi gaskiya cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, ba mai ja da wannan. Ina jin ma shi ma mutuwar mahaifinku tana masa ciwo, kowa da yadda yake ɗaukar nasa. Amma wanda ya ce mana ajali a rubuce yake shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma ko ranar tafiya ba ta matsa ba, akwai bambanci tsakanin wanda ya isa gare ta yana zuwa masallaci da ƙafarsa da wanda ya yi shekaru a kwance, kai ka fi kowa sanin wannan. Kada ka yi musu da shi, yaya ne. In ka sayi na'urar, ka ɗauke ta ka kai masa ziyara, ka ce Yaya bari in gwada a hannunka in ga ko tana aiki daidai. Uba ɗaya ya haife ku, kuma ya girme ka.

Akwai abin da nake so kowa a gidanka ya sani, har manyan yara. In aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nufi babban asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kada a ɗura masa ruwa ko magani a baki. Addu'a a yi ta a cikin mota. Awannin farko su ne ake iya ceto ƙwaƙwalwa a cikinsu.

Saura shekara shida ka ajiye aiki, ka fara tunanin inda za ka riƙa zuwa da safe tun yanzu. Na ga mutane da dama da suka yi ritaya da lafiyarsu, shekara biyu a kan benci a ƙofar gida sai ka ga sun rankwafa. Jami'ar Harvard tana bin rayuwar wasu mutane tun 1938, daga samartaka har tsufa, kuma abin da masu nazarin suka fi nanatawa shi ne waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai sun fi tsufa da lafiya. Mu an riga an faɗa mana cewa mai son a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana ya sada zumunci. Gona ce, ko ɗan shago, ko koyar da yaran unguwa, ko kwamitin masallaci, ko komawa makarantar dare ka ƙarasa haddar da ka bari, ka samu abin da za a neme ka in ba ka zo ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa cin abincinka kai kaɗai ya dame ni fiye da gishirin da ke cikinsa.

In bayan wata guda da komawa magani da shiryawa da uwargida har yanzu barci yana gagararka, ko ka ji ƙirjinka yana bugawa da tunanin mutuwa ba dalili, ka faɗa wa likita wannan ma, damuwa ciwo ce da ake dubawa. Ka rubuto mini bayan wata uku, ka kwafo mini lambobin makon farko da na makon ƙarshe daga littafin nan, ka kuma gaya mini ko an koma kwano ɗaya. Ka gaishe mini da Hajiya da uwargida, Allah Ya nuna maka auren auta kana tsaye da ƙafafunka kana karɓar baƙi.